Sabuwar Birged a Tsakiyar Yaƙi: Makamai Suna Sayuwa, Saje Ba Ya Sayuwa

A watan Yunin 2024, lokacin bikin cika shekara 80 da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi a Yaƙin Duniya na Biyu, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi wa Yukiren, wadda ke yaƙi da Rasha, alkawarin horar mata da birged guda ta sojan ƙasa, tare da ba ta makamai. Faransa ta cika alkawari. Daga Satumba zuwa Nuwamban shekarar, sojojin Yukiren kimanin 2,300 suka yi atisaye a yankin Shampan da ke gabashin Faransa, aka haƙa musu ramukan ɓuya irin na fagen daga, aka miƙa musu motocin sulke 128 da manyan igwogi samfurin Caesar guda 18. Sunanta Birged ta 155, aka kuma yi mata laƙabi da Anna ta Kiyif, wata gimbiya da ta auri sarkin Faransa kusan shekara dubu da suka wuce. Kafin shekarar ta ƙare sai labari ya sha bamban. Ɗan jaridar Yukiren Yuriy Butusov ya bayyana cewa sojoji kusan 1,700 sun sulale daga birged ɗin tun ba ta yi arba da abokan gaba ba, har da wasu gommai da suka ɓace a can Faransa. Da ta isa kusa da Pokrovsk, inda yaƙi ya fi zafi a lokacin, sai aka yayyaga ta aka rarraba wa tsofaffin rundunoni. An cire kwamandanta, Kanar Dmytro Riumshyn, a watan Janairun 2025 kuma aka tsare shi. Wanda ya ji wannan labari zai yi saurin cewa tsoro ne ya kori mutanen. Ni ina ganin tun ranar da aka rubuta sunan birged ɗin a takarda aka shirya mata wannan ƙarshe, domin an tara mutane da ƙarafa, an manta da abin da yake haɗa su su zama runduna.

Sai mun san mene ne birged kafin maganar ta fito. Mafi ƙanƙantar ƙungiya a sojan ƙasa mutum takwas ne zuwa goma, kofur ko saje ke riƙe da su. Uku ko huɗu irinsu suna ƙarƙashin laftana, wanda saje mai shekaru a aiki ke dafa masa. Daga nan sai kamfani mai mutum ɗari da ɗoriya a hannun kyaftin ko manjo, sai bataliya mai ɗaruruwa a hannun laftana kanar. Bataliya uku ko fiye, haɗe da 'yan igwa, masu tonon nakiya, masu sadarwa, likitoci, makanikai da direbobi, su ne birged, mutum dubu uku zuwa dubu biyar. Idan aka yi lissafi, birged ɗaya tana bukatar kofur da saje ɗaruruwa, da ƙananan hafsoshi sama da ɗari, ga kuma hafsoshin hedikwata da aikinsu shi ne su san ƙarfe nawa igwa za ta daina wuta don 'yan ƙasa su kutsa, ta wace hanya motar harsashi za ta bi, ina za a kai wanda ya ji rauni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacin da yake ɗauka kafin ya nuna. Kurtu a Defo na Zariya, wanda aka kafa tun 1924, yana yin kimanin wata shida kafin a kira shi soja. Birtaniya ta matse wannan horo zuwa mako biyar ga kuratan Yukiren a 2022, kuma da wahala a iya matse shi fiye da haka. Amma saje na gari sai ya shekara biyar zuwa goma yana aiki, kwamandan bataliya kuwa sai ya haura shekara goma sha biyar. Gwamnati tana iya kamo mutum dubu biyar a wata guda, ƙawaye suna iya turo motoci a jirgin ƙasa cikin mako biyu. Sajen da zai duba ƙafar kurtu da daddare ya ga ta fara ruɓewa a cikin jiƙaƙƙen takalmi, ko ya ji kukan harsashin igwa ya san wannan zai wuce, wancan kuwa a kwanta, babu kasuwar da ake sayar da shi.

Rundunonin da suka taɓa faɗaɗa cikin gaggawa sun san wannan, sun kuma samo dabara. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta tashi daga ƙaramar runduna zuwa manyan rundunonin yaƙi 89. Yadda ta yi shi ne, duk lokacin da za a kafa sabuwa, sai a ciro hafsoshi da sajoji sama da dubu ɗaya daga wata tsohuwa, a tura su makarantu, su isa bariki makonni kafin kurata su iso. Su ne ƙashin bayan sabuwar rundunar. Sannan a ɗauki kusan shekara guda ana horo mataki-mataki: mutum ɗaya da bindigarsa, ƙungiya-ƙungiya, bataliya tare da igwa, daga ƙarshe rundunar gaba ɗaya a babban atisaye. Manomin da ke huɗa da shanu ya san hikimar. Ba ya ɗaura sababbin bijimai biyu a garma ɗaya. Yakan haɗa sabo da tsohon da ya san layi, tsohon ya riƙa jan sa har ya daidaita. Wanda ya ɗaura sababbi biyu don yana sauri, zai wuni yana bin garma a gonar maƙwabci.

To me aka yi da Birged ta 155? Bisa bayanan da Butusov ya wallafa, an fara haɗa ta a watan Maris na 2024 babu cikakken ayarin kwamandoji. Da mutanen farko suka fara sanin juna, sai aka kwashe fiye da 2,500 daga cikinsu a tsakiyar shekara aka tura su cike giɓi a wasu rundunonin da ke fagen daga, aka maye gurbinsu da sababbin kamu. Daga cikin mutum 1,924 da ya ce an tura Faransa, 51 ne kawai suka haura shekara guda a aikin soja, 1,414 kuwa ba su cika wata biyu ba. A daidai lokacin da kwamandan da hafsoshinsa suke Faransa, sai aka ci gaba da zuba wasu dubban kurata a barikin gida, babu mai kula da su yadda ya kamata. Da aka dawo aka nufi Pokrovsk, birged ɗin ba ta da isassun jirage marasa matuƙa, ba ta da na'urorin toshe na abokan gaba, a yaƙin da waɗannan ƙananan jirage suka zama ido da hannun kowace bataliya. A tsaya a dubi wannan da idon mutumin da aka tare a titi aka sa masa kaki. Bai san sajensa ba, sajen ma wata biyu ya girme shi a aiki. Wanda suka kwana rami ɗaya jiya an ɗauke shi yau. Ya ji labarin inda za a kai su, ya kuma ga babu mai iya gaya masa abin da zai yi idan ya isa. Soja yana tsayawa a wuta ne saboda mutum bakwai ko takwas da ke gefensa, waɗanda yake jin kunyar ya bari, da kuma shugaban da ya yarda ba zai zubar da ransa a banza ba. Idan babu ɗayan biyun, tsoron kotun soja kaɗai ya rage, shi kuwa bai kai tsoron igwa ba. Wata hujja ma ita ce, da majalisar Yukiren ta yi dokar yafe wa wanda ya tsere karon farko idan ya dawo da ƙafarsa, da yawa sun dawo, suna neman a kai su rundunonin da suka yi suna wajen kula da mutanensu.

Kwasar horarrun mutane daga sabuwar runduna don toshe ɓaraka a wani wuri tsohuwar cuta ce. Ita ta ci runduna ta 106 ta Amurka, wadda aka zare mata dubban horarrun sojoji a 1944 aka cika ta da baƙi. Kwanaki kaɗan da isarta bakin daga a tsaunukan Arden, cikin Disamban shekarar, Jamus ta auka mata, biyu daga cikin manyan sassanta uku suka miƙa wuya, aka kama mutum wajen dubu bakwai.

Mu ma a Najeriya mun taɓa biyan wannan farashi. Kafin yaƙin basasa sojan ƙasar bai wuce mutum dubu goma da 'yan kai ba. Zuwa 1970 ya kai wajen 250,000. Ga shi juyin mulki biyu na 1966 sun riga sun cinye manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, hafsoshin yankin Gabas da suka tsira kuma sun koma gida. Runduna ta Ɗaya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ita ta gaji mafi yawan tsofaffin sojoji, ta riƙa tafiya sannu a hankali har ta kama Inugu a farkon Oktoban 1967. Runduna ta Biyu kuwa an haɗa ta ne a gurguje bayan sojojin Biyafara sun kutsa Jihar Tsakiyar Yamma a watan Agustan 1967 har suka kai Ore. An tattaro akawu, kuku, tsofaffin sojojin da suka yi ritaya da sababbin kurata, aka damƙa wa Murtala Muhammad. Da ƙarfin zuciya da sauri suka ƙwato Binin a watan Satumba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma da aka zo aikin da ke bukatar tsari, wato tsallaka Kogin Neja daga Asaba zuwa Onicha da jiragen ruwa bayan an karya gada, sau uku ana gwadawa ana komowa da asarar rayuka mai yawa. Akwai laifin shawarar kwamanda a ciki, domin hedikwata a Legas ta so a zagaya ta Idah, kuma ta can ɗin aka bi daga baya aka kama Onicha a Maris na 1968. Sai dai waɗanda suka fara tsallakawa sun shiga garin, suka watse, babu masu riƙe su, har abokan gaba suka dawo musu. A ƙarshen wannan watan na Maris kuma aka yi wa dogon ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, motocin mai da na harsashi a jere kusa da juna, wuta ta cinye kusan duka. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan muni, wato kisan ɗaruruwan fararen hula maza da sojojin rundunar suka yi a Asaba a Oktoban 1967. Rashin horo ba ya wanke wanda ya ba da umarni ko wanda ya harba. Abin lura shi ne, rundunar da ba ta da sajoji da hafsoshi masu riƙe ladabi haɗari ce ga mutanenta, haɗari ce kuma ga garin da ta shiga.

Masu kare kafa sababbin birged suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce hutu. Fagen dagar Yukiren ya haura kilomita dubu, akwai birged ɗin da suka shekara biyu ba a janye su ba. Idan duk kurtun da aka samu za a zuba shi cikin tsofaffin rundunoni, wa zai karɓe su su je su huta? Kuma babban kwamanda yana bukatar wata runduna a ajiye, wadda zai jefa inda aka ɓalle ko inda yake son kai farmaki. Wannan gaskiya ne. Amsar ita ce birged ɗin da ba za ta iya riƙe wuri ba ba ta hutar da kowa. A 2024 an sha ganin inda aka miƙa wa sabuwar runduna wani yanki, ta kasa, a dawo da tsohuwar da aka janye tun ba ta warware gajiya ba, ko kuma a yayyanka sabuwar bataliya-bataliya a liƙa wa wasu. Idan ƙarshenta rarrabawa za a yi, da tun farko an kai mutanen inda za su ƙare, da an tsira da watannin da aka ɓata da hafsoshin da aka ɗaure a hedikwatar da ba ta jagoranci komai ba. Hutun ma ana iya samar da shi ta wata hanya: a cika tsohuwar birged har ta yi rara, ta riƙa juya bataliyoyinta, biyu a gaba ɗaya a baya.

Hujja ta biyu ita ce cusa sabon mutum cikin tsohuwar ƙungiya shi ma yana kashewa. Amurkawa sun ga haka a Turai a 1944: a kawo yaro da daddare a tura shi rami, tsofaffi ba su san sunansa ba, ba su ma son sani, kafin kwana uku ya mutu. Wannan ma gaskiya ne, amma laifin yana ga yadda aka yi cusawar. Rundunonin Yukiren da suka yi fice suna da nasu sansanin horo a bayan daga. Kurtu ya gama horon gwamnati, sai su riƙe shi wasu makonni a hannun sajojinsu da suka dawo daga wuta, ya koyi yadda ake ɓuya daga jirgi maras matuƙi, yadda ake ɗaure jijiya idan jini ya ɓalle, ya san muryar wanda zai ba shi umarni, sannan a shigar da shi tare da abokan horonsa. Wannan yana yiwuwa ne kawai inda akwai tsofaffin hannu.

Hujja ta uku ta fi nauyi. Ana cewa ai kowace tsohuwar birged sabuwa ce wata rana, kuma wuta ce ke gasa soja. Ana kawo misalin Birged ta 47 ta Yukiren, wadda aka horar a Jamus aka ba ta motocin Bradley na Amurka. A watan Yunin 2023 ta faɗa filin nakiyoyi kusa da Mala Tokmachka, hotunan motocinta da suka ƙone suka zaga duniya, amma daga baya ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ake kira idan wuri ya yi tsanani. Haka rundunonin sa-kai da Lord Kitchener ya tara wa Birtaniya a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya: an karkashe su a Loos a 1915, a ranar farko ta yaƙin Somme kuma, 1 ga Yulin 1916, sojan Birtaniya ya rasa mutum 19,240 a yini ɗaya, amma waɗanda suka rage su ne suka ci yaƙin a 1918. Ban musa ba, ana koyo a wuta. Tambayar ita ce nawa ne kuɗin makarantar, kuma wa ke biya. Darasin da Birged ta 47 ta saya da jinin mutanenta a 2023, akwai wasu rundunonin Yukiren da suka riga suka saye shi tun 2014 a yaƙin yankin Donbas. Sake sayen abin da ake da shi a gida asara ce, musamman ga ƙasar da yawan jama'arta bai kai sulusin na Rasha ba, wadda sai da ta sauke shekarun kiran soja daga 27 zuwa 25 a Afrilun 2024 don ta samu mutane. Kuma babban farmakin da Yukiren ta kai a 2023, wanda aka ɗora bisa sababbin birged, bai kai Tekun Azov da aka nufa ba. Damar da ta wuce ba ta dawo don birged ɗin ta ƙware daga baya ba.

Horo a ƙasar waje ma ba ya toshe wannan giɓi. Sojojin Faransa sun iya aikinsu, amma mako tara ba ya mai da taron baƙi runduna, ga tafinta a tsakani, ga shi malaman ba su taɓa yaƙi a ƙarƙashin sararin da ke cike da ƙananan jirage masu kai hari ba. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ƙawaye za su iya bayarwa da kyau shi ne koyar da aiki da makami, da horar da hafsoshin hedikwata, in an turo musu waɗanda suka riga suka san yaƙi.

To me ya sa gwamnatoci ke son sababbin birged duk da haka? Domin ana iya ƙirga su, ana iya nuna su. Sabuwar birged tana da lamba, da tuta, da ranar fareti, shugaban ƙasa ya je ya gaisa da sojoji a ɗauki hoto. Ƙasar da ta ba da makamai tana son ta nuna wa 'yan majalisarta runduna guda ta ce wannan tamu ce. A cikin gidan soja kuma sabuwar birged tana nufin sababbin kujeru da ƙarin girma. Shugaban Yukiren Zelensky ya sha kokawa a 2024 cewa yana da birged 14 da ke jiran makaman da aka yi alkawari, abin da ke nuna an riƙa kafa rundunoni ne don su dace da alkawarin makamai. Shi kuwa aika kurtu ɗari biyu su cike bataliyar da ta rage saura kashi arba'in cikin ɗari, ba wanda zai buga shi a jarida, ko da yake nan ne yake ceton rai.

Ba ina cewa kada a taɓa kafa sabuwar birged ana yaƙi ba. Rundunar da za ta ninka kanta dole ta yi. Hanyar da ta yi aiki a Yukiren ɗin kanta ita ce a bar ta ta tsiro daga tsohuwa. Birged ta Uku ta masu kai farmaki ta faro ne daga ayarin tsofaffin mayaƙan rundunar Azov, ta girma daga ƙananan ƙungiyoyi har ta zama birged, kowane mataki akwai waɗanda suka san aiki a sama, kuma mutane suna zuwa da kansu su nemi shiga. Bayan abin kunyar Birged ta 155, Zelensky ya ba da umarni a Janairun 2025 a dakatar da kafa sababbi, a riƙa kai kurata ga waɗanda ke akwai. Daga watan Fabrairu aka fara haɗa birged-birged ƙarƙashin manyan rundunoni, aka ɗora da yawansu bisa kwamandoji da hedikwatar birged ɗin da suka nuna ƙwarewa, har da ta Uku ɗin. Tun a ƙarshen 2024 ma an tsawaita horon kurtu daga wata guda zuwa wata ɗaya da rabi.

Mu da muke yawan jin sanarwar an kafa sabuwar birged ko bataliya a Borno, Zamfara, Katsina ko Tillaberi, bai kamata mu tsaya ga murnar jin lamba ba. 'Yan majalisa masu kula da harkar tsaro, da 'yan jarida, da iyayen da 'ya'yansu ke sanye da kaki, su tambaya: daga wace runduna aka ɗebo sajojinta da hafsoshinta, kuma wa ya cike gurbin da suka bari? Wata nawa mutanenta suka yi suna atisaye tare kafin a kai su daji? Za a bar su tare, ko za a riƙa zarar su ana toshe wasu wurare? Duk hukumar da ta kasa amsa waɗannan, a matsa mata ta fara cike bataliyoyin da ke bakin daga kafin ta ɗinka sabuwar tuta.